Filin Masu Karatu: Jiragen Fasa Ƙanƙara da Haƙƙin Wuraren da Suke Ratsawa

Tun da kafofin labarai suka bayyana, a watan Disamban 2024, cewa gwamnatin Jamus ta ba da kwangilar ƙera sabon jirgin ruwa na bincike mai fasa ƙanƙara wanda zai gaji tsohon jirginta mai suna Polarstern, saƙonni suke ta shigo wa wannan fili daga Yamai da Tawa game da irin waɗannan jirage. Na zaɓi shida daga ciki, na taƙaita wasu saboda ƙarancin wuri.

Tambaya daga wani makanike mai garaji a unguwar Wadata, Yamai: Malam, na ji an ce akwai jirgin da ke ratsa teku bayan ruwan ya daskare. Shin wuƙa ce ko zarto aka ɗaura masa a gaba, ko kuwa da ƙarfin inji kawai yake turawa? Mu masu aikin ƙarfe muna so mu san irin ƙarfen da ke jure wannan aiki.

Amsa: Maigida, babu wuƙa, babu zarto, kuma ƙarfin inji shi kaɗai ba zai yi ba. Ƙanƙarar teku tana da taurin gaske idan aka matse ta daga gefe, amma tana da rauni idan aka danne ta daga bisa har ta lanƙwashe, kuma a kan wannan rauni aka gina dabarar gaba ɗaya. Goshin jirgin fasa ƙanƙara ba a miƙe yake ba irin na jiragen dakon kaya da ke sauke haja a Kwatano da Lome. A kishingiɗe yake, ya zame zuwa ƙarƙashin ruwa sannu a hankali, ta yadda idan inji ya tura, sai jirgin ya hau kan ƙanƙarar, nauyinsa na dubban tan ya danne ta har ta tsage ta kakkarye, sa'an nan fasalin cikinsa ya kore gutsattsarin zuwa gefe don kada su faɗa wa farfela. Tafiyar ba ta gaggawa ba ce. Nuyina, jirgin Ostiraliya mai tsawon mita 160 wanda ya isa tasharsa ta Hobart a 2021, an ƙera shi ya ratsa ƙanƙara mai kaurin mita 1.65 yana cin kilomita 5 da rabi a awa guda. Inda iska ta haɗa falle da falle suka hau juna suka yi tudu, wanda gindinsa kan nutse fiye da mita 10 a cikin ruwa, sai jirgin ya ja da baya ya zaburo ya doka, ya sake ja ya sake dokawa, wani lokaci a wuni ana wannan fama. Idan kuma ya maƙale, akwai tankunan ruwa a haƙarƙarinsa na dama da na hagu, famfo yana kwashe ruwa daga wannan zuwa wancan da sauri, jirgin ya yi ta rangaji har ya kuɓuta.

Ƙarfen da aka saba ƙera jirgi da shi yakan yi gautsi a tsananin sanyi, ya tsage farat ɗaya maimakon ya lotsa. Saboda haka ake amfani da wani nau'i na musamman, wanda ake gwadawa ta hanyar dukansa a sanyin digiri 40, wani ma 60, ƙasa da sifiri. A daidai ɗamarar da ke gogayya da ƙanƙara ana ƙara wa faranti kauri, a matso da ƙarafunan haƙarƙari kusa da juna, walda kuwa sai an bi ta da na'ura ɗinki bayan ɗinki. Hukumomin tantance jirage sun tsara matakai 7 na ƙarfin jiki, na 1 shi ne mafi ƙarfi. S.A. Agulhas II na Afirka ta Kudu yana mataki na 5, Nuyina yana na 3, sabon jirgin Jamus kuwa a mataki na 2 za a gina shi.

Abin da na fi so ka lura da shi, domin daga nan maganar muhalli ta faro, shi ne cewa ba karya ƙanƙarar kaɗai ke cin mai ba. Kaso mai yawa na ƙarfin inji yana ƙarewa ne wajen nutsar da gutsattsarin da kuma gogayyarsu da jikin jirgi. Shi ya sa ake shafa masa fenti mai tauri da santsi, wasu a lulluɓe musu ɗamarar da ƙarfen da ba ya tsatsa, wasu kuma a yi musu ƙananan kafofi a ƙasa masu fesa iska, kumfar ta taso ta raba ƙarfe da ƙanƙara. Ga kuma wata matsala: goshin da ya iya hawa ƙanƙara bai iya yanka igiyar ruwa ba, alhali jirgin bincike yana shafe makonni a buɗaɗɗen teku kafin ya kai bakin aikinsa, tun da daga Bremerhaven ta Jamus zuwa Kef Tawun ta Afirka ta Kudu kaɗai tafiyar kusan wata guda ce. Injiniyoyin Finlan sun samo wata mafita, suka haɗa farfela da injinta na lantarki a ƙunshi guda da ke rataye a ƙarƙashin jirgi, yana juyawa duk inda aka so, har jirgin ya iya shiga ƙanƙara da baya, ruwan da farfelar ke korowa yana wanke masa jiki. Xue Long 2 na ƙasar Sin, wanda ya fara aiki a 2019, yana fasa ƙanƙarar mita 1.5 ta gaba da ta baya. Kafin a yanka farantin ƙarfe ko ɗaya, sai an sassaƙa ƙaramin samfurin jirgin, an ja shi a cikin dogon kwami mai daskararren ruwa a Helsinki ko Hambug, a auna ƙarfin da ya ci, a gyara fasalin, a sake ja. Man da aka rage a wannan kwami an rage shi ke nan har iyakar rayuwar jirgin.

Tambaya daga wata malamar ilimin halittu a wani lise na Tawa: Na karanta cewa sababbin jiragen masu kiyaye muhalli ne. Ta yaya jirgin da ke ƙona mai dare da rana zai samu wannan suna? Ina tsoron kada in koya wa ɗalibaina abin da talla ce kawai.

Amsa: Malama, shakkarki tana bisa hanya. Babu jirgin fasa ƙanƙara da ba ya barin illa a bayansa, abin da injiniyoyi ke iya yi shi ne rage ta, kuma an rage ta sosai ta wasu fuskoki, ta wasu kuwa da sauran aiki.

Illar da ta fi kusa ita ce kunkunniyar da ke fita tare da hayaƙi. Sabuwar dusar ƙanƙara tana mayar da fiye da kashi 80 cikin 100 na hasken rana zuwa sama, buɗaɗɗen ruwan teku kuwa yana shanye fiye da kashi 90. Idan kunkunniya ta sauka a kan dusar, sai ta dishe, ta fara shan zafi, ta narke da wuri, ruwan da ya bayyana ya ƙara shan zafin. Wannan kuwa yana faruwa ne a yankin Aktik na ƙuryar arewacin duniya, wanda tun daga 1979 yake ɗumama kusan ninki 4 na matsakaicin ɗumamar duniya. Mafi munin mai ta wannan fuska shi ne baƙin mai mai kauri, ragowar matatar man fetur, wanda manyan jiragen dakon kaya suka daɗe suna ƙonawa saboda arha. Hukumar kula da sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta haramta shi a ruwan Antaktika, nahiyar ƙanƙara ta ƙuryar kudu, tun watan Agustan 2011, a Aktik kuwa haramcin bai fara aiki ba sai 1 ga Yulin 2024, kuma an bar wa jirage da yawa ƙofar ci gaba da amfani da shi har zuwa 2029, jinkirin da a ganina ya yi yawa. Sababbin jiragen bincike gazuwal mai ƙarancin farar wuta suke sha, a kan hanyar hayaƙinsu kuma akan sa matata mai kama kunkunniya, ana kuma fesa masa ruwan uriya, sinadarin nan da manoma suka sani a taki, domin ya warware gubar da ke cikinsa ta koma iskar da ba ta cutarwa.

Masu bincike suna da dalilinsu na kansu na ƙin hayaƙi, bayan na tausayin wurin. Daga Satumban 2019 zuwa Oktoban 2020, Polarstern ya yi tafiyar da aka sa wa suna MOSAiC, inda aka ɗaure shi da wani babban fallen ƙanƙara aka bar shi yana tafiya tare da shi a tsakiyar tekun Aktik, ɗauke da masana daga ƙasashe 20. Ko da yake ba tuƙi yake ba, dole injinsa ya ci gaba da aiki domin haske da ɗumama ɗakuna da kunna na'urori a cikin duhun hunturu na watanni. An kafa wasu na'urorin auna iska a kan ƙanƙara nesa da jirgin, an ja musu waya, amma duk lokacin da iska ta juyo da hayaƙin ta wajensu awon ya ɓaci, kuma daga baya sai da masanan suka zauna suka tsame babban kaso na abin da suka auna. Jirgin da aka tura ya auna tsabtar iska, idan ya ƙazantar da ita da kansa, ya yi asarar mai ya kuma yi asarar ilimin da aka fita nema.

Ta nan batiri ya shigo. A jiragen zamani injunan gazuwal ba su juya farfela kai tsaye, wutar lantarki suke samarwa, ita kuma ta juya farfelar. Duk wanda ya taɓa tayar da babban gurup domin ya kunna ƙwan fitila biyu da fanka ɗaya ya san yadda yake shan mai a banza yana tara baƙi, kuma ya san yadda yake nishi idan aka ɗora masa firigo farat ɗaya. Haka injin jirgi yake a cikin ƙanƙara, inda buƙatar ƙarfi ke hawa da sauka cikin daƙiƙoƙi. A da sai a bar inji na biyu yana aiki a kan ko-ta-kwana, yanzu kuwa batiri ne ke ɗaukar wannan hawa da sauka, inji ɗaya ya yi aiki a daidai nauyin da ya fi yi masa sauƙin mai. Sir David Attenborough, jirgin Ingila mai tsawon mita 129 da ya fara zuwa Antaktika a 2021, yana da irin wannan tsari. Sai dai ki gaya wa ɗalibanki cewa batiri mataimaki ne, ba zai kai jirgi mai wannan nauyi tafiyar makonni ba.

Babbar muhawarar tana kan man da zai maye gurbin gazuwal. Polaris na Finlan, wanda ya fara aiki a 2016 a tekun Baltik, shi ne jirgin fasa ƙanƙara na farko da ke amfani da iskar gas wadda aka sanyaya zuwa digiri 162 ƙasa da sifiri har ta zama ruwa. Kusan babu kunkunniya a hayaƙinta, amma tankunanta suna cin wuri, kuma wani ɓangare na iskar metan, wadda ita ce mafi yawa a cikin gas ɗin, yana sulalewa daga inji bai ƙone ba, alhali metan yana riƙe zafi kimanin ninki 80 na iskar kabon a cikin shekara 20. Jamusawa sun karkata ga metanol. Sun fara da ƙaramin jirgin bincikensu na gaɓar teku mai suna Uthörn, kuma sabon Polarstern, mai tsawon kimanin mita 160, wanda za a gina a Wismar a miƙa shi a 2030, an tsara injunansa su iya shan gazuwal da metanol, tare da batiri. Metanol ruwa ne a yanayin da aka saba, kunkunniyarsa kaɗan ce ƙwarai, idan ya zube kuma yana narkewa a ruwa ya ruɓe da wuri. Aibinsa shi ne ana buƙatar fiye da lita 2 nasa kafin a sami ƙarfin lita 1 ta gazuwal, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga jirgin da zai yi watanni bai ga tasha ba. Ingilawa kuma sun gwada, a 2023, man da aka sarrafa daga man girki da kitse a kan jirginsu.

To, ga ma'aunin da nake ba ki shawara ki ba ɗalibanki: kada su tsaya ga abin da injin zai iya sha, su tambayi abin da aka zuba masa da inda aka samo shi. Yawancin metanol ɗin da ke kasuwar duniya a yau daga iskar gas da kwal ake yin sa, kuma wanda aka yi da kwal ya fi gazuwal illa idan aka lissafa tun daga masana'anta. Mai tsabtar shi ne wanda aka haɗa da haidirojin da aka ciro daga ruwa da wutar rana ko ta iska, ko wanda aka yi daga shara da ragowar tsirrai, kuma har yanzu kaɗan ne, mai tsada ne, ba a kowace tasha ake samunsa ba. Man girkin ma, idan tsoho ne da aka tattaro daga gidajen abinci an ci riba, idan kuwa daji aka sare aka shuka kwakwar manja dominsa an yi gyaran gangar auzinawa. Tsohon Polarstern yana aiki tun 1982. Idan magajinsa ya yi irin wannan tsawon rai zai wuce 2070 yana kan ruwa, don haka barin wuri a cikinsa domin sauya inji da tanki nan gaba yana cikin mafi muhimmancin shawarwarin da masu zanensa za su yanke.

Tambaya daga wani dattijo a Tawa, wanda ya yi aikin ma'adinai a Arlit har ya yi ritaya: Ɗana, mun haƙa uraniyom shekara da shekaru, an ce mana wutarsa ba ta da hayaƙi. Me ya hana a sa wa waɗannan jirage, a huta da maganar mai?

Amsa: Baba, an sa, kuma an daɗe da sawa. Tarayyar Sobiyet ta fara da jirgin Lenin a 1959, kuma jirginta Arktika, mai tukunyar nukiliya, shi ne na farko da ya isa ƙuryar arewa ta duniya a kan ruwa, ranar 17 ga Agustan 1977. Har yau Rasha ce kaɗai ke da irin waɗannan jirage. Sabon Arktika na 2020 yana da tukwane 2, yana ratsa ƙanƙarar da ta kusa mita 3, kuma yakan yi kimanin shekara 7 kafin a sake masa makamashi. Ta fuskar hayaƙi babu wanda ya kama ƙafarsa.

Amma ku da kuka yi aiki a Arlit kun fi kowa sanin cewa nauyin uraniyom ba ya ƙarewa a ranar da aka yi amfani da shi. Tukwanen farko na jirgin Lenin, bayan sun sami matsala, a tekun Kara aka nutsar da su a 1967, kuma suna can har yanzu. Amurka ta taɓa kafa ƙaramar tukunyar lantarki a sansaninta na McMurdo da ke Antaktika daga 1962 zuwa 1972, da aka rufe ta sai da aka kwashe dubban tan na gurɓatacciyar ƙasa aka kai gida da jirgi. Yarjejeniyar Antaktika ta 1959 ta hana zubar da sharar nukiliya a nahiyar, ƙasar Niyu Zilan kuma, wadda ɗaya ce daga ƙofofin shiga can, ta hana jirage masu tukunyar nukiliya shiga tashoshinta tun 1987. Jirgin bincike kuwa rayuwarsa ta shiga tashoshin ƙasashe ce, yana ɗaukar masana yana sauke su. Idan aka haɗa da tsadar gini da ta tsaro da ta wargaza tukunyar a ƙarshe, za a ga dalilin da ya sa cibiyoyin bincike suka kauce wa wannan hanya.

Tambaya daga wani ɗalibin Jami'ar Abdu Mumuni, Yamai: Bayan hayaƙi, akwai wata illa da ake la'akari da ita wajen zanen jirgin?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, kuma wadda aka fi mantawa da ita ita ce ƙara. Manyan dabbobin teku masu shayarwa da sauti suke neman abinci da abokan tafiya a cikin duhun ruwa, kuma sauti yana tafiya a ruwa fiye da ninki 4 na saurinsa a iska. Saboda haka ake ɗora injuna a kan matasan roba, a zana fukafukan farfela yadda ba za su tayar da kumfa mai fashewa ba, a wasu lokutan kuma a rage inji a jingina da batiri yayin awo. Shirun yana amfanin dabbobin, yana kuma amfanin na'urorin da ke ƙidayar kifi da auna zurfi ta hanyar amsa-kuwwa.

Sai malalar mai. A watan Janairun 1989 jirgin Ajantina mai suna Bahia Paraiso ya daki dutse kusa da sansanin Palmer a Antaktika, ya zubar da kimanin lita 600,000 ta gazuwal, tsuntsaye da halittun gaɓa suka mutu. A sanyi mai yakan daɗe bai ruɓe ba, agaji kuma yana nesa da kwanaki. Dokar jiragen yankunan ƙanƙara da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2017 ta wajabta wa sababbin jirage masu shiga ƙanƙara su nisanta tankunan mai daga bangon waje, ta kuma hana zubar da duk wani ruwa mai gauraye da mai. Jiragen gwamnati da ba na kasuwanci ba dokar ba ta tilasta musu ba, ƙarfafa musu gwiwa kawai ta yi su bi, kuma ina ganin jirgin bincike ne ya fi cancanta ya bi ta har ya wuce abin da ta nema. Ruwan da jirgi ke ɗiba domin daidaita nauyinsa sai an tace shi an kashe ƙwayoyin da ke ciki kafin a sake shi, jikinsa ma ana kankare shi kafin tafiya, domin kada ya kai baƙin halittu inda ba a san su ba. Tsaurin ya kai inda yarjejeniyar kare muhallin Antaktika da aka ƙulla a Madrid a 1991 ta sa aka kwashe karnukan jan kaya daga Antaktika gaba ɗaya a 1994.

Tambaya daga wani Alhaji, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi a Tawa: Mu da ba mu da teku, muna fama da fari yau, ambaliya gobe, me ya haɗa mu da ƙanƙara? An ce kuɗin jirgi ɗaya ya fi euro miliyar 1. Ba ɓarna ba ce?

Amsa: Alhaji, kuɗin haka yake, ya haura sefa miliyar 650, kuma duk wanda ya san halin rijiyoyi da asibitocin karkararmu dole ya yi wannan tambaya. Amma abin da ya haɗa mu da ƙanƙara shi ne damana.

A tekun Atilantika akwai wani babban zagayen ruwa. Ruwa mai ɗumi da gishiri yana tafiya arewa ta sama, idan ya kai kusa da Girinlan sai ya huce ya yi nauyi ya nutse, ya komo kudu ta ƙarƙashi, kuma da haka yake kai zafi arewacin duniya. Ɗamarar ruwan sama da ke hauro mana daga kudu kowace shekara tana karkata ne zuwa ɓangaren da ya fi ɗumi. Idan arewacin Atilantika ya yi sanyi a kan kudancinsa, sai ta kasa haurowa yadda ta saba, kuma waɗanda ke bakin iyakarta su ne ke fara ji a jikinsu. Tawa tana samun kimanin milimita 350 zuwa 400 a shekara, ba ta da nisa da iyakar noma da dokar 1961 ta shata, don haka ɗan ja da bayan da mutumin Gaya ba zai lura da shi ba yana iya hana geron Adar kai wa ga ido. Masana da dama suna danganta wani ɓangare na farin da ya kawo yunwar 1973 da ta 1984 da irin wannan sanyi na arewacin Atilantika, wanda hayaƙin masana'antun Turai da Amurka mai farar wuta ya taimaka wajen haddasawa.

Yanzu Girinlan tana asarar kimanin tan miliyar 270 na ƙanƙara a kowace shekara. Ruwan da ke narkewa ba shi da gishiri, bai da nauyi, yana kwanciya a sama ya rage nutsewar da ke tuƙa zagayen. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya faɗa a rahotonsa na 2021 cewa akwai ƙaƙƙarfan zato zagayen zai yi rauni a wannan ƙarni, kuma idan har ya tsaya, ɗamarar ruwan sama za ta koma kudu, damanar Afirka ta raunana. Tauraron ɗan'adam yana ganin faɗin ƙanƙara daga sama, amma ba ya ganin gishiri da zafin ruwan da ke ƙarƙashinta. Wannan sai an kafa na'urori a cikin teku, kamar waɗanda ke mashigin Fram tsakanin Girinlan da tsibiran Svalbard tun 1997, kuma sai jirgin da ya iya shiga ƙanƙara ne zai je ya ciro su ya sauya. Awon da aka samo yana shiga lissafin yanayi na duniya, wanda cibiyoyin nazarin yanayi na AGRHYMET da ACMAD da ke nan Yamai suke dogara da shi wajen hasashe. Ƙasashen da hayaƙinsu ya fi yawa su ne ke biyan kuɗin jiragen, kuma hakan daidai ne. Abin da ya kamata hukumominmu su nace a kai shi ne a buɗe sakamakon ga kowa, a kuma ba masananmu wuri a cikin aikin.

Tambaya daga wata ɗaliba mai shirin kammala digirin farko a fannin fizik, Yamai: Ƴar Nijar za ta iya shiga irin wannan jirgi kuwa?

Amsa: Za ta iya, ƴata, kuma hanyar ba ta da nisan da kike zato. Polarstern yakan bi ta gaɓar Afirka ta Yamma a kan hanyarsa ta zuwa kudu da komowa, na'urorinsa suna auna ƙurar Sahara da iska ke kaiwa teku, kuma a wasu daga waɗannan tafiye-tafiye ana mayar da shi makaranta. Cibiyar WASCAL ta nazarin sauyin yanayi a Afirka ta Yamma, wadda Nijar mamba ce a cikinta, tana da shirin karatun sauyin yanayi da makamashi a Jami'ar Abdu Mumuni, tana kuma da na sauyin yanayi da ilimin teku a Mindelo ta ƙasar Kabo Berde, wanda ke ɗaukar ɗalibai daga ƙasashen yankin. A 2023 ɗaliban shirin Mindelo sun hau Polarstern daga can har Bremerhaven, suna ɗibar ruwa suna awo da hannunsu. A nahiyarmu ma akwai S.A. Agulhas II, wanda aka gina a Finlan a 2012, yana kai masana sansanin Afirka ta Kudu a Antaktika, kuma daga kansa ne aka gano ɓaraguzan jirgin Endurance, wani tsohon jirgin masu binciken Antaktika da ya nutse, a watan Maris na 2022, a zurfin mita 3,008.

Ki riƙe lissafi da fizik da kyau, ki koyi sarrafa bayanai da kwamfuta, domin yawancin aikin bayan an sauka daga jirgi a nan yake. Karatun WASCAL da Ingilishi ake yin sa, don haka ki fara gyara Ingilishinki tun yanzu, kafin a buɗe neman gurbi na gaba.